Me Muke Cewa Game da Masu Jiran Shari'a?

Jawabin da aka yi a taron masu aikin sa kai na ziyarar gidajen yari

  An ce in yi magana a kan yadda jama'a suke kallon 'yan sanda da kotu da gidan yari, da kuma gyare-gyaren da aka yi wa dokokinmu a 'yan shekarun nan. Zan yi ƙoƙari kada in cika ku da maganar lauyoyi.

Bari in fara da wani abu da dukanmu mun saba ji. Idan ka zauna a majalisa da yamma, ko a tasha, ko wurin mai shayi, ka kawo zancen 'yan sanda, za ka ji an ce ai sai mai kuɗi. Za a ce an rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, amma je ka gwada ka gani. Ka kawo zancen kotu, wani zai ce shari'a saɓanin hankali ce, wani ya ce ai ɗagawa za a yi ta yi har mai gaskiya ya gaji. To, a wannan majalisa ɗin, ba tare da kowa ya tashi ba, sai ka kawo zancen mutanen da suke tsare a gidan yari. Nan take mutanen nan da suka gama cewa ba su yarda da ɗan sanda ba, ba su yarda da alƙali ba, su ne za su ce: "Ai da bai yi komai ba, da ba a kai shi can ba. A bar su su ji a jikinsu."

'Yan'uwa, maganganun nan biyu ba sa tafiya tare. Idan hanyar da take kai mutum gidan yari tana da ramuka kamar yadda muke faɗa, ta yaya muka tabbata cewa duk wanda ya isa can mai laifi ne? Wannan ita ce tambayar da nake so mu riƙe a zuciya.

Alƙaluman da Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali take fitarwa a shekarun nan sun nuna cewa mutanen da suke tsare a ƙasar nan sun kai wajen dubu 80. A cikinsu, kimanin biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba. Wato sama da mutum dubu 50 suna jiran shari'a ne. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Saboda haka a idon doka, mafi yawan waɗanda muke kai wa sabulu da gari da magani ba masu laifi ba ne tukuna. Wasu za a same su da laifi, babu shakka. Wasu kuwa za a sallame su bayan shekara uku ko biyar, a ce su tafi gida, babu ko sannu.

Yana da kyau mu san yadda mutum yake maƙalewa, gama yawancin jama'a suna tsammani alƙali ne ya ji shari'ar ya ce a tsare shi. Sau da yawa ba haka ba ne. A ce an yi fashi a wata unguwa, 'yan sanda suka zo da dare suka kwashe samari goma. Masu gata iyayensu suka fitar da su kafin gari ya waye. Saura huɗu aka rubuta musu fashi da makami aka kai su kotun majistare. Majistare kuwa ba shi da ikon jin shari'ar fashi da makami ko kisan kai, wannan aikin babbar kotu ne. Abin da zai iya yi shi ne ya ce a ajiye su a gidan yari har a sami shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a ta jiha. Daraktan nan ba zai ba da shawara ba sai 'yan sanda sun aika masa da fayil. Idan ɗan sandan da ya yi binciken aka canja masa wurin aiki, ko fayil ɗin ya shige ƙarƙashin wasu, shi ke nan. Babu wanda ya ƙi yaran nan, babu kuma wanda ya tuna da su. Idan an dace fayil ya fito aka fara shari'a, sai ranar zama ta zo a ce motar kai su kotu ba ta da mai. Wata ranar shaidu ba su zo ba. Wata ranar an tafi da alƙalin shari'ar zaɓe. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki na wajen wata biyu, daga Afrilu zuwa Yuni, kotuna a rufe, amma kama mutane bai tsaya ba ko na kwana ɗaya. Idan kuma aka canja alƙali a tsakiyar shari'a, yawanci sai a koma farko.

Ba na so kowa ya fita daga nan ya ce na raina zafin da jama'a suke ji. A cikin zauren nan akwai waɗanda aka sace musu ɗan'uwa suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa. Akwai wadda aka ƙwace wa waya da wuƙa a kan hanyarta ta dawowa daga kasuwa. Akwai wanda aka kore masa shanu, dukiyar shekara ashirin, a dare ɗaya. Mutumin da ya kama ɓarawo da hannunsa, ya kai shi ofis, bayan kwana biyu ya gan shi yana yawo a unguwa yana harararsa, idan ka ce masa a sassauta wa masu laifi, zai ga kamar ka haɗa baki da su. Kuma babu wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa beli ba sallama ba ne, alkawari ne cewa mutum zai dawo kotu. Shi dai abin da ya gani shi ne an saki ɓarawo. Ranar da aka kira shi ba da shaida kuwa ba zai je ba, domin kuɗin mota daga aljihunsa zai fito, zai rasa cinikin yini guda, ga tsoron ramuwa. Shaida bai zo ba, shari'a ta mutu, ɓarawon gaske ya fita. Wanda ba shi da kowa kuma, ko ya yi ko bai yi ba, yana ciki. Ashe tsarin nan yana cutar wanda aka yi wa laifi da wanda ake tuhuma a lokaci guda, kowannensu kuma yana ganin ɗayan aka fifita.

Daga wannan fushi ne ɗaukar doka a hannu take fitowa. Mutum ɗaya ya yi ihu "ɓarawo!", kafin minti goma an kawo taya da fetur. A watan Oktoba na 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata, mutane suna tsaye suna ɗauka a waya. Sai a 2017 kotu ta sami mutum uku da laifin kisan. A watan Mayu na 2022 aka kashe wata ɗaliba a Sakkwato, a shekara ta gaba kuma aka kashe wani mahauci a wannan garin, dukansu bisa zargin ɓatanci. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar komawa gida Kano yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙidaya aƙalla mutum 555 da taron jama'a ya far wa a ƙasar nan tsakanin 2012 da 2023. Ku duba sunayen garuruwan nan da kyau. Akwai kudu, akwai arewa. Akwai Kirista, akwai Musulmi. Kowannenmu baƙo ne a wani gari, kuma a ranar da aka yi maka ihu a inda ba a san ka ba, abin da za ka roƙa shi ne a kai ka wurin ɗan sandan nan da alƙalin nan da kake zagi.

Yanzu ga maganar gyara. Mutane da yawa suna cewa a canja doka. Gaskiyar magana ita ce an riga an canja da yawa, jama'a ne ba su sani ba. A watan Mayu na 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar gudanar da shari'ar masu laifi. Ta kotunan tarayya ce da Abuja, amma jihohi sun yi irin tasu: Kaduna a 2017, Filato a 2018, Kano a 2019. Dokar nan ta hana a kama wani a madadin wani. Idan ana neman ɗa, ba a kama uwarsa ko matarsa a ce sai ya fito. Ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ta ce mace tana iya tsaya wa mutum a beli, kada a ƙi ta domin ita mace ce. Iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau, gama har yanzu ana koro mata daga ofisoshi a ce su je su kawo namiji. Ta ce umarnin ajiye mutum kafin a kai shi kotun da ta dace kwana 14 ne da farko, ana iya ƙarawa idan an kawo dalili, amma akwai iyaka, bayanta kuma sai a sake shi. Ta kuma ɗora wa babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin waɗanda aka kama, ya ba da beli ga wanda ya cancanta. Tun kafin wannan, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A 2017 kuma aka yi dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da mutum.

A 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta canja sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Mutane sun yi dariya, suka ce an canja allo an bar gini. Suna da ɗan gaskiya, domin yawancin gine-ginen tun na zamanin Turawa ne. A Afrilu na 2024 ruwan sama kawai ya rushe katangar gidan yari na Suleja, sama da mutum 100 suka fita. Amma a cikin dokar akwai abu mai muhimmanci. Ta raba aikin hukumar gida biyu: tsarewa, da kuma hukuncin da ba na tsarewa ba, wato yi wa al'umma aiki, da ɗaurin talala, da sakin mutum kafin wa'adinsa a ƙarƙashin sa ido, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Ta kuma ba shugaban hukumar na jiha iko, bayan ya sanar da babban jojin jiha da sauran hukumomi cewa gida ya cika, ya ƙi karɓar sababbin mutane idan ba a yi komai ba. A 2023 aka gyara tsarin mulki domin jihohi ma su iya kafa nasu gidajen. Dattawanmu za su tuna cewa dā can a nan arewa gidan yari na En'e ne, Yari ma sarautar fada ce, sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe su. Tun daga lokacin ake cikin wani irin tsari: mafi yawan waɗanda ake tsarewa dokar jiha ake cewa sun karya, kotun jiha ce ta aika da su, amma tarayya ce take ciyar da su. Wanda yake aikawa ba shi yake biya ba, don haka ba ya gaggawa.

To me ya sa da dukan waɗannan dokoki yawan masu jiran shari'a bai ragu yadda ya kamata ba? Akwai rashin kuɗi, akwai cin hanci, akwai ƙarancin alƙalai, ba na musu. Amma a ganina akwai wani dalili da ba mu cika faɗa ba, shi ne mu. Alƙali ɗan unguwa ne, yana jin abin da ake cewa. Idan ya yanke wa yaron da ya saci akuya hukuncin share asibiti na wata uku tare da biyan mai akuya, ya san gobe za a ce ya ci kuɗi. Idan ya tura shi gidan yari shekara biyu, babu wanda zai zarge shi. Mai akuya bai sami akuyarsa ba, yaro ya shiga ya zauna ɗaki ɗaya da 'yan fashi ya fito da sabuwar sana'a, amma hankalin unguwa ya kwanta. Haka ma ɗan siyasa. Na daɗe ina jin alkawuran yaƙin neman zaɓe, hanya, ruwa, taki, ban cika jin wanda ya hau mumbari ya ce zai saya wa gidan yari motar kai mutane kotu ba, domin ya san ba ta kawo ƙuri'a.

Ga kuma lissafi ga waɗanda tausayi bai motsa su ba. A 2024 gwamnati ta amince a ƙara kuɗin abincin kowane ɗan kaso daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Duk mai zuwa kasuwa ya san abin da wannan kuɗi zai saya, sau uku a yini. Amma ku ninka shi da mutum dubu 50 masu jiran shari'a, ya haura naira miliyan 56 kowace rana. A watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 waɗanda tara ko diyya ce kawai ta riƙe su, da naira miliyan 585 da aka tara daga masu ba da taimako. Idan ka raba, kowane mutum bai kai naira dubu 150 ba. Waɗannan alƙali ya riga ya ce laifinsu bai kai na ɗauri ba idan za su iya biya. Rashin kuɗi ne ya ɗaure su.

Ra'ayin jama'a kuwa yana iya juyawa, mun gani da idonmu. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024 aka kama mutane da yawa a Kano da Kaduna da wasu wurare. Wata uku suna tsare, ban da iyayensu da 'yan lauyoyi kaɗan babu mai maganarsu, wasu ma suna cewa maganinsu ke nan. Ranar 1 ga Nuwamba aka kai su babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, a cikinsu akwai yara wajen talatin. Wasu suka faɗi a cikin kotu saboda galabaita. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Hotunan suka bazu a waya, ƙasa ta ɗauka, malamai da limamai da fastoci da 'yan siyasa kowa ya yi magana, cikin 'yan kwanaki shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a sake su. Gani ya kori ji. Dokar da ta hana a yi wa yara haka tana nan tun kafin a kama su. Abin da ya canja a ranar nan shi ne mutane sun ga fuskokinsu da ƙasusuwan haƙarƙarinsu. A gidajen da muke ziyarta akwai irinsu da yawa waɗanda babu wanda ya ɗauki hotonsu.

A nan ne nake ganin aikinmu ya wuce sabulu da gari. Ku ne kuke shiga, kuna ganin abin da mutanen majalisa ba sa gani. Idan kun dawo, ku ba da labari, ba tare da kama suna ba. Idan aka ce a gabanku duk na ciki ɓarayi ne, ku tambayi mai maganar ko ya san biyu cikin uku ba a gama shari'arsu ba. Masu unguwanni, idan kotu ta ba yaro aikin al'umma a yankinku, ku karɓe shi, ku sa masa ido, ku bar mutane su gan shi yana share kasuwa, domin wanda aka cuta ya san ba a tafi a banza ba. Ku kuma sani cewa doka ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya, wanda aka yi wa sata yana da damar ya roƙa. Idan maƙwabcinka zai je ba da shaida, ka raka shi, a taimaka masa da kuɗin mota. Wannan ma aikin agaji ne, ko da yake ba mu saba kallonsa haka ba.

Maganar wanda ya fito ita ce mafi wuya, kuma ban ɗauke ta da sauƙi ba. Mutum ya yi shekara huɗu, ya koyi kafinta ko ɗinki a ciki, wasu har karatun Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa suke yi, gama tana da cibiyoyi a wasu gidajen. Ya dawo unguwa, mai gida ya ce babu ɗaki, mai shago ya ce babu aiki, gidan da yake neman aure suka ce a haƙura. Duk abin da ya ɓace a layin, ƙofarsa za a fara bugawa. Ko wanda kotu ta wanke haka ake yi masa, domin mutane ba su san bambanci ba, sun dai san ya yi gidan yari. Ba na cewa ka ba shi mabuɗin shagonka ranar da ya fito. Amma idan babu ko mutum ɗaya da zai gwada shi da ƙaramin aiki, abokan da ya yi a ciki su suna da aikin da za su ba shi.

Kafin in zauna, ga abin da nake roƙon kowace ƙungiyar ziyara ta yi a zuwanta na gaba. Babban jojin jiha yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko waɗanda zamansu ya wuce abin da za a ɗaure su da an same su da laifin. Amma yana aiki ne da sunayen da aka kawo gabansa. Ku nemi izinin shugaban gidan da jami'in kula da walwala, ku zauna da masu jiran shari'a waɗanda babu mai zuwa ganinsu. Ku rubuta ranar da aka kama mutum, ofishin da ya kama shi, kotun da ta aiko shi, lambar ƙarar idan yana da ita, abin da ake tuhumarsa, da ranar ƙarshe da ya ga alƙali. Ku tambaye shi ko danginsa sun san inda yake, domin za ku sami waɗanda an riga an yi zaman makokinsu a gida. Kada ku yi wa kowa alkawarin fita. Takardun nan za mu haɗa su mu kai ofishin Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da reshen ƙungiyar lauyoyi na garinmu. Ku fara da waɗanda suka haura shekara ɗaya ba su je kotu ba, da mata masu goyo, da duk wanda kuka ga alamar yaro ne ko da an rubuta masa shekara 18.